Gumakan Tagulla da Rubutun Jikin Bango: Me Tamilawa Ke Ƙoƙarin Cetowa?

Kusan duk shekara sai an ji labarin Amurka, Ostireliya ko Ingila sun mayar wa Indiya da wasu gumaka da aka sace mata. A watan Satumban 2024 kaɗai, Amurka ta miƙa kayan tarihi 297. In aka bi sawun masu tsadar cikin irin waɗannan kaya, musamman na tagulla, sau da yawa sai a tarar daga jiha ɗaya suka fito, wato Tamil Nadu, can ƙuryar kudancin ƙasar. Mai karatu a nan yana iya tambaya: me ke jikin gunki da har shugabannin ƙasa ke miƙa shi hannu da hannu, kotuna kuma su shafe shekaru a kansa? Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi wuyar amsawa: in an dawo da shi, shi ke nan tarihi ya tsira?

A fahimtata, satar ta fi amo ne kawai. Ɓarnar da ta fi girma tana faruwa da rana tsaka, wani lokacin ma a hannun masu kyakkyawar niyya.

Su wane ne Tamilawa, kuma mene ne koyil?

Mu nan mun saba ɗaukar Indiya a matsayin ƙasa mai harshe ɗaya. Harshen Tamil ba ɗan'uwan Hindi ba ne, danginsu ma daban. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum miliyan 72 a jihar Tamil Nadu, ban da Tamilawan Sri Lanka, Malesiya da Singafo. Adabinsu ya kai shekara dubu biyu, kuma a 2004 Tamil ya zama harshe na farko da gwamnatin Indiya ta ba matsayin harshen gargajiya mai daɗaɗɗen adabi. Masu kallon finafinan kudancin Indiya da ake fassarawa da Hausa sun sha ganin dogayen hasumiyoyin nan masu hawa-hawa, cike da sassaƙe-sassaƙe kala-kala. Ƙofofin gidajen bautar Tamilawa ke nan.

Gidan bauta a Tamil sunansa koyil, daga "ko", sarki, da "il", gida. Sunan ya dace, domin a zamanin daular Chola, daga ƙarni na tara zuwa na goma sha uku, gidan bauta ba wurin ibada kaɗai ba ne. Yana da gonaki, yana ɗaukar ma'aikata, yana ba majalisun ƙauyuka rance, wani yana da makaranta, wani har da ɗakin jinya. Abin da ya fi kusa da shi a tsarinmu shi ne wakafi: mutum ya keɓe gona ko dabbobi, amfaninsu ya riƙa tafiyar da wata hidima har abada. Bambancin shi ne, su takardar wakafin a jikin bangon dutse suke sassaƙa ta.

Bangon da ya zama kundin ajiya

Babban misali shi ne gidan bautar Brihadisvara da ke Thanjavur, wanda Sarki Rajaraja na ɗaya ya kammala wajen shekarar 1010. Hasumiyarsa ta kai kimanin mita 60, dukanta da dutse mai tauri, a yankin da noman shinkafa ya fi duwatsu yawa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, a 2004 kuma ta haɗa da wasu biyu na zamanin Chola, na Gangaikonda Cholapuram da na Darasuram.

Baƙo yana ɗaga kai ne ya kalli hasumiya. Masanin tarihi kuwa tsugunawa yake ya karanta gindin bango. Rajaraja ya ba da umarni a rubuta duk kyautar da aka yi wa wurin, tasa da ta yayarsa Kundavai da ta matansa da ta fadawa. An rubuta sunayen mata 400 masu rawar bauta, kowace da gidan da aka ba ta da garin da ta fito. An ambaci mawaƙan yabo 48, da makaɗa, da maɗinka, da masu tsaron baitulmali, da rabon shinkafar kowa. An bayyana gumakan tagulla da awonsu. Har makiyaya suna ciki: a ba mutum tumaki 96 ko shanu 48, shi kuma ya riƙa kawo man shanu kullum don fitila ɗaya kada ta mutu. Daga irin wannan lissafin ne masana suka gano farashin kaya, ma'auni, haraji da ladan ma'aikaci na shekara dubu da ta wuce.

A garin Uttaramerur, kusa da Kanchipuram, akwai rubutun da ya girmi wannan, na wajen shekarar 920. Ya bayyana yadda ake zaɓen majalisar gari. An kasa garin unguwa 30, a rubuta sunayen waɗanda suka cancanta a ganye, a zuba cikin tukunya, a sa ƙaramin yaro ya zaro. Ɗan takara sai mai shekara 35 zuwa 70, mai gona da gidan kansa. Wanda ya riƙe muƙami bai ba da lissafi ba, an hana shi sake tsayawa, shi da makusantan danginsa. 'Yan siyasar Indiya na yau suna son kafa hujja da wannan bango cewa dimokuraɗiyya tasu ce tun asali. Sai dai bangon da kansa ya nuna majalisar ta masu ƙasa ce daga ajin Brahman, wato ajin malaman addinin Hindu, ba ta kowa da kowa ba. Amfanin rubutu ke nan: yana nan, mai gardama ya je ya karanta.

Kaso mafi girma na tsofaffin rubuce-rubucen dutse da aka gano a Indiya da Tamil aka yi su. Tun daga shekarun 1880, lokacin da wani Bajamushe mai suna Eugen Hultzsch ya soma aikin a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka, ake kwafe su ta hanya ɗaya. A manna jiƙaƙƙiyar takarda a jikin dutse, a bubbuga da burushi har ta shiga ramin haruffa, sannan a shafa tawada. An tara dubban irin waɗannan kwafi, amma da yawa har yau ba a buga su ba. Masu iya karanta tsofaffin haruffan kuma ba su da yawa, domin Batamilen da ya yi boko a yau ba zai iya karanta rubutun zamanin Chola ba sai ya koya na musamman, kamar yadda ɗan boko a nan ke tsayawa cak gaban tsohuwar takardar ajami.

Yadda gunki ke barin ƙauye ya ɓulla a New York

Gumakan tagulla na Chola ana yin su ne da kakin zuma. A ƙera siffa da kaki, a lulluɓe da laka mai laushi ta bakin kogin Kaveri, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Sai an fasa lakar kafin a ga abin da ya fito, don haka babu biyu iri ɗaya. Da wannan dabarar aka yi tagullar Binin da ta Ife, kuma har yanzu akwai iyalai a garin Swamimalai da ke wannan sana'a. Mafi shahara a siffofin shi ne Nataraja, wato Shiva, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar mabiya addinin Hindu, yana rawa cikin da'irar wuta. Ba don a girke su wuri ɗaya aka yi su ba. Ranar biki ake yi musu ado, a ɗauko su a zaga gari.

Dokar Indiya ta 1972 ta hana fitar da kayan tarihi, yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kuma ta sa gidajen tarihi na duniya suna tambayar asalin abin da za su saya. Sai masu fasa-ƙwauri suka koyi haɗa takardun bogi da ke nuna kayan sun bar Indiya kafin waɗannan shekaru. Wanda ya fi yin ƙaurin suna shi ne Subhash Kapoor, mai shagon kayan tarihi a New York. An kama shi a Jamus a 2011, aka miƙa shi ga Indiya a 2012, a watan Nuwamban 2022 kuma kotu a Kumbakonam ta yanke masa shekara goma kan fasa wani gidan bauta a gundumar Ariyalur. Hukumomin Amurka sun ƙwace kaya sama da 2,500 masu alaƙa da shi.

Cikin abin da ya sayar akwai Nataraja na ƙauyen Sripuranthan. An sace shi daga tsohon gidan bauta da aka daina buɗewa, har ya ƙetare teku mutanen gari ba su san ya ɓata ba. Gidan tarihi na ƙasar Ostireliya ya saye shi a 2008 kan kuɗi wajen dala miliyan 5. Abin da ya tona asiri hoto ne. Cibiyar binciken Faransa da ke Pondicherry ta shafe shekaru tun daga 1950 da wani abu tana bi ƙauye-ƙauye tana ɗaukar hotunan gidajen bauta, kuma ta ɗauki wannan gunki a mazauninsa a 1994. Da aka jera hoton da gunkin da ke Canberra, babban birnin Ostireliya, takardar da ta ce an sayar da shi tun 1970 ta tashi a tutar babu. A Satumban 2014 firaministan Ostireliya Tony Abbott ya miƙa shi ga takwaransa na Indiya Narendra Modi a Delhi.

Tare da shi aka dawo da wani na dutse daga garin Vriddhachalam, kuma labarinsa ya fi ɗaure kai. Ɓarayin sun cire na asali sun girke na jabu, mutane suka ci gaba da bauta ba su lura ba. Wani mai sha'awar tarihi, Vijay Kumar, ya gane shi ta hanyar kwatanta shi da hoton da ke cikin wani tsohon littafi. Aikin musanya irin wannan, kowa ya sani, da ɗan gari kan ci gari.

Akwai kuma shari'ar Pathur, wadda lauyoyi ke karantawa har yau. A 1976 wani lebura yana haƙa ya ci karo da gumakan da aka binne, kamar yadda mutanen zamanin da kan ɓoye su a lokutan yaƙi. Nataraja da ke ciki ya bi hannu-hannu har Landan, wani kamfanin Kanada ya saya, 'yan sanda suka ƙwace a 1982. Babu hoton da za a nuna, sai aka koma ga salon ƙira, da ƙasar da ta maƙale a jikinsa, da sawun gara. Kotun Ingila ta amince cewa gidan bautar kansa, duk da ya zama kango, yana da ikon shigar da ƙara kamar mutum. An yi nasara, amma sai da aka kai 1991. Inda akwai hoto, magana kan yi sauƙi. Inda babu, sai a kwana tara ana jan zance, kuma dubban gidajen bauta na ƙauye ba su da ko rajistar abin da ke cikinsu. Mu da muka ga yadda aka yi ta haƙe kayan Nok a kudancin Kaduna ana fita da su ba tare da an rubuta inda aka tono ba, mun san irin wannan asara.

Garin gyaran gira

A al'adar Tamilawa, gidan bauta yana buƙatar sabuntawa da sake tsarkakewa duk bayan shekara goma sha biyu. Bikin sunansa kumbabhishekam, kuma kafin shi ake kwaskwarima. Attajiri ya kawo kuɗi don neman lada, kwamiti ya kira ɗan kwangila, kowa yana son wurin ya yi ƙyalli.

Nan ne ake rasa ido. Don a cire tsohon mai da farar ƙasa daga jikin ginshiƙai, an daɗe ana fesa musu yashi da injin iska mai ƙarfi. Yashin yana cin dattin, ya haɗa da haruffan da suka yi shekara ɗari takwas. Ana shafe zanen bango da fenti, a shimfiɗa tayil a kan daɓen dutse mai rubutu, a liƙe tsagar da ke buƙatar farar ƙasa da siminti. Wani lokacin a rushe gini dutse-dutse don a sake ɗora shi, ba a sa wa duwatsun lamba ba, sai layin rubutu ya fara a gabas ya ƙare a yamma, wani kuma kansa a ƙasa. A 2017 wata tawagar UNESCO da babbar kotun Madras, wato babbar kotun jihar, ta nema ta zagaya wasu gidajen bauta, ta ba da rahoton irin wannan ɓarna da ƙarancin ƙwararru a hukumar da ke kula da su. A Fabrairun 2018 gobara ta tashi daga shagunan da ke cikin harabar gidan bautar Meenakshi a Madurai, ta lalata wani zaure mai ginshiƙan dutse na ɗaruruwan shekaru.

Gunkin da aka sace yana nan a wani wuri, ana iya ganinsa wata rana a kundin gwanjo. Rubutun da yashi ya cinye ya tafi ke nan, sai dai in an yi sa'a wani ya kwafe shi tun da.

Amma a yi wa masu gyaran adalci. Su ba gidan tarihi suke gani ba, gidan da ake ibada a ciki kullum suke gani, kuma a wurinsu barin sa ya tsufa shi ne rashin ladabi. Ba yau aka fara ba: zanen zamanin Chola a Thanjavur sai a 1931 aka gano shi, a ƙarƙashin wani zanen da sarakunan Nayak suka ɗora a kai ɗaruruwan shekaru bayan nan. Bambancin kawai shi ne, na da rufewa suka yi, injin yau kuwa kankarewa yake.

Wa ya kamata ya riƙe mabuɗi?

Wannan ce gardamar da ta fi zafi a Tamil Nadu. Ɗaruruwan wurare kaɗan ne ke ƙarƙashin hukumar kayan tarihi ta tarayya. Sauran, sama da 40,000 in an haɗa da cibiyoyin wakafi, suna hannun wata ma'aikatar gwamnatin jiha bisa dokar 1959. Tushen tsarin ya koma 1817, lokacin da kamfanin Turawan Ingila ya fara sa ido kan dukiyar gidajen bauta. Sun janye a 1863, sannan 'yan siyasar ƙasar suka dawo da sa-idon a shekarun 1920 saboda koke-koken cewa masu riƙon gado suna cinye dukiyar.

Masu cewa gwamnati ta cire hannunta, ciki har da malamin nan Jaggi Vasudev da ya yi gangami a 2021, suna tambayar yadda gwamnatin da ba ruwanta da addini za ta riƙe asusun masu addini. Suna nuni da gonakin wakafi, fiye da eka 400,000, da masu haya ba sa biya, wasu ma sun mamaye. A 2021 babbar kotu ta nemi gwamnati ta yi bayanin giɓin kimanin eka 47,000 tsakanin tsohon lissafi da sabo. Suna kuma kafa hujja da gidan bautar garin Chidambaram, inda kotun ƙoli ta yanke a 2014 cewa iyalan Dikshitar masu hidimar gado su ci gaba da tafiyar da wurin.

Ɗaya ɓangaren yana tambaya: a cire hannu a miƙa wa wa? Suna tuna cewa sai a 1939 aka fara barin 'yan ƙasƙantaccen aji, waɗanda ake kira Dalit, shiga gidan bautar Madurai, kuma sai a 2021 gwamnatin jihar ƙarƙashin M. K. Stalin ta naɗa jagororin bauta daga kowane aji, bayan shari'o'in da suka faro tun farkon shekarun 1970. Suna tsoron in gwamnati ta fita, manyan gidaje za su koma su rufe ƙofa. Suna ƙara da cewa mafi yawan gidajen bautar abin da ke shiga asusunsu a shekara bai kai rupee 10,000 na kuɗin Indiya ba, da rarar manyan ake kunna fitilar ƙananan. Har harshen bautar ma abin rigima ne. A bikin tsarkake Thanjavur na Fabrairun 2020 sai da aka je kotu kafin a tsaya kan yin addu'o'in da Tamil da Sanskrit, tsohon harshen addinin Hindu, duka.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma ina ganin duk sun fi damuwa da mabuɗi a kan kundi. An yi sata a ƙarƙashin masu gado, an yi a ƙarƙashin jami'an gwamnati. Yashin inji bai san wane ne shugaban kwamiti ba. Hukuncin da babbar kotun Madras ta yanke a Yunin 2021, mai umarni 75, ya fi kusa da inda ciwon yake: a kafa hukumar kula da gadon tarihi, a lissafa gumaka da hotunansu, a gina ɗakunan ajiya masu tsaro, kada a taɓa tsohon gini sai da izinin ƙwararru. Umarni a takarda abu ne mai sauƙi. Aika mai hoto da mai karatun tsohon rubutu zuwa dubban ƙauyuka shi ne aikin, kuma ba ya kawo ƙuri'a.

Ganyen giginya da gara

Adabin Tamil a ganye aka rubuta shi, ganyen wata bishiya 'yar'uwar giginyarmu, ana karce shi da ƙarfe mai tsini. Ganye ba ya wuce 'yan ɗaruruwan shekaru, sai an riƙa kwafewa. Da sarkar kwafi ta tsinke a ƙarni na goma sha tara, saura ƙiris tsofaffin waƙoƙin su ɓace. Malami U. V. Swaminatha Iyer, wanda ya rayu daga 1855 zuwa 1942, shi ya bi gida-gida yana roƙon ɗaurin ganyayyakin da gara ta fara ci, ya tace su ya buga. Waɗanda ba su tsira ba kuwa, ba duka gara ce ta ci ba. A 1981 an cinna wa ɗakin karatun Jaffna a Sri Lanka wuta, littattafai da rubuce-rubucen hannu sama da 90,000 suka ƙone cikin dare.

Abin da ya rage wa ɗan ƙauye

Ga manomin da ke noma gonar wakafi, tsaurara lissafi yana nufin biyan haya ko fuskantar kora, ko da kakansa ne ya fara noma wurin. Ga mawaƙin yabo da mai busa a gidan bautar da ba shi da kuɗin shiga, yana nufin ɗansa ba zai gaji sana'ar ba, kuma waƙar da ba a rerawa ba ta da gunkin da za a ƙwato. Ga maƙerin Swamimalai, kasuwar yawon buɗe ido ta riƙe shi, sai dai yana buƙatar takardar shaida cewa abin da zai fitar sabo ne.

Shi kansa gunkin da aka dawo da shi ba kasafai yake komawa gida kai tsaye ba. Da farko shaida ne a gaban kotu. Bayan nan, tunda gidan bautar da aka sace shi bai da gadi ko ƙofar kirki, sai a kai shi ɗaya daga cikin ɗakunan ajiya masu ƙofar ƙarfe da gwamnati ta gina a garuruwa irin su Tiruvarur da Kumbakonam, inda gumaka ɗaruruwa ke jere da lamba a jikinsu. Mutanen ƙauye kan je su karɓo nasu in biki ya zo, su sa hannu a takarda, su zaga gari da shi, su mayar in an watse.